Tsofaffin kantunan PZ a idon baƙo

A Tudun Jukun na sauka, ba nisa da Kamfanin Gaskiya. Daga nan Keke Napep ke ɗaukar mutum ya ratsa Tudun Wada, ya haye gadar Kubanni, ya dire shi a PZ. Baƙon da ya zo Zariya yakan nufi cikin ganuwa ne, ya ga fada da Masallacin Juma'a na Babban Gwani Muhammadu Durugu. Ni kuwa tsofaffin kantunan gefen tashar jirgin ƙasa ne suka riƙe ni.

Layin dogo ne ya kafa wannan yanki. Tun da layin Baro zuwa Kano ya ratsa Zariya ya isa Kano a 1911, kamfanonin Turawa irin su John Holt da Paterson Zochonis, wanda unguwar ta gaji sunansa, suka yi ta gina kantuna da ɗakunan ajiya kusa da tasha. Auduga ce gaba, sai gyaɗa da fatu. Daga baya aka ja ƙaramin layi zuwa Jos, aka ja wani zuwa Gusau da Ƙauran Namoda, garin ya zama mahaɗa.

Sai mutum ya tsaya ya ɗaga kai zai gane ragowar kantunan, don allunan talla sun rufe fuskokin. Na shiga wani da aka yayyanka shi da katako ya zama shaguna uku. Bangon ya kusa kamu ɗaya a kauri, rufin ya yi sama, ga baranda mai faɗi da ke tare rana. Da azahar ne, babu wuta, amma cikin da sanyi. Mai gyaran waya da ke haya a ciki ya nuna mini inda kwano ya ci tsatsa, ruwa ya bi katanga ya bar baƙin zane har ƙasa. Ya ce mai ginin na jiran ya samu kuɗi ne ya rushe, ya dasa filaza.

Wannan magana ta dame ni. Filazar da ake yayi yanzu bulo ce mai inci shida da gilashi, wadda ba ta zaunuwa sai da janareta, kuma kuɗin hayarta kan kori ƙananan 'yan kasuwar da suka riƙe wurin shekara da shekaru. Ginin da na shiga kuwa sabon kwano yake nema, da magudanar ruwa, da sabon yaɓe, da a sauke allunan a ga fuskarsa.

An yi irin wannan gyara a ƙasar nan. A Ebute Metta ta Legas, ƙungiyar Legacy 1995 ta gyara Jaekel House, tsohon gidan hukumar jiragen ƙasa, ya zama ƙaramin gidan tarihi. A Kano muna da Gidan Ɗan Hausa. Zariya kuma ba ta rasa gwanaye ba, ga Sashen Zanen Gine-gine na Jami'ar Ahmadu Bello can a Samaru. Da ɗalibansa za su bi PZ da titunan Sabon Gari gini-gini, su auna, su zana, su rubuta wanda zai gyaru da abin da gyaran zai ci, da ƙaramar hukumar Sabon Gari ta samu takardar da za ta zauna da masu gine-ginen a kanta, tun kafin damina ta gaba ta ƙara cin katangun.