Karriem Riggins: Makaɗin Da Ake Ji Ba A Gani

Yau ina so ne in ɗan yi tsokaci a kan wata sana'a da ba kasafai muke waiwayarta ba, wato sana'ar makaɗin haya a ƙasar Amurka, da kuma wani mutum da ya yi fice a cikinta mai suna Karriem Riggins. Na san wani zai ce me ya haɗa kifi da kaska? To mai karatu ka yi haƙuri ka biyo ni, domin duk wanda ya taɓa yin aiki a ƙarƙashin sunan wani zai ga kansa a cikin labarin.

Da farko dai, wane ne makaɗin haya? Shi ne wanda mawaƙi zai kira situdiyo ya ce ga waƙata, ina son ganga a ƙarƙashinta. Zai zauna bayan jerin gangunansa, ya saurara sau ɗaya ko biyu, ya kaɗa abin da ake so, a biya shi kuɗin aikin ranar, ya tattara sandunansa ya yi gaba. In faifai ya fito, hoton mawaƙi ne a gaba, shi kuwa sunansa in an yi sa'a yana can baya cikin ƙananan haruffa. Ko da faifan zai yi kasuwa, galibi babban kaso na kamfani ne da waɗanda aka rubuta cewa su suka tsara waƙar.

An haifi Riggins ranar 25 ga Agusta, 1975, a birnin Detroit, garin masana'antun motoci kuma mahaifar kamfanin waƙa na Motown. Mahaifinsa Emmanuel Riggins makaɗin fiyano ne wanda ya yi aiki da shahararren mai jita Grant Green, saboda haka yaron ya tashi ne cikin kiɗan jaz kamar yadda ɗan kasuwa ke tashi cikin ciniki. Tun bai kai shekara ashirin ba ya shiga hannun Betty Carter, wata mawaƙiyar jaz da ta yi suna wajen horar da matasa ba sani ba sabo. A 1994 ya koma New York, ya yi kiɗa da Mulgrew Miller, sannan da mai busa Roy Hargrove, daga nan ya shiga ƙungiyar Ray Brown. Shi Ray Brown dattijo ne a harkar, mai kaɗa bes, wato ƙaton gogen nan da ake tsayarwa a ƙasa ana jan tsirkiyarsa da yatsu, kuma tun a shekarun 1940 yake kiɗa da su Dizzy Gillespie. Dattijo irin wannan ba ya ɗaukar yaro don ya iya surutu da ganga. Yana ɗaukar wanda zai riƙe masa lokaci, ya san inda zai sassauta, ya san inda zai yi shiru.

Wannan shi ne gidansa na farko. Gida na biyu kuwa hip hop ne, kiɗan matasan zamaninsa, wanda yawanci ba a kaɗa shi da hannu, da na'ura ake haɗa shi. A tsakiyar shekarun 1990 ya ƙulla abota da mawaƙi Common, da kuma wani ɗan garinsu James Yancey, wanda duniya ta sani da J Dilla. Abin da Dilla ya shahara da shi yana da ban sha'awa. Na'urar haɗa kiɗa tana da wani tsari da ke gyara kowane bugu ya faɗa daidai kan layi, ba gaba ba baya. Dilla sai ya riƙa barin wasu bugun su ɗan makara, wasu su ɗan yi gaba, har kiɗan ya zama kamar tafiyar mai ɗingishi amma mai daɗin ji. Sai abin ya juye: maimakon na'ura ta kwaikwayi mutum, makaɗa na gaske suka koma koyon kaɗa irin na na'urar Dilla. Wanda ya saurari faifan Voodoo na D'Angelo na shekarar 2000 zai ji haka a hannun Questlove. Riggins yana cikin 'yan ƙalilan da suka iya abin ta fuska biyu, da sanda da kuma na'ura.

Dilla ya rasu ranar 10 ga Fabrairu, 2006, yana da shekara 32, bayan doguwar jinya, kwana uku kacal da fitowar faifansa Donuts. Ya bar wani faifan mai suna The Shining bai kammala ba, kuma Riggins ne ya ƙarasa shi ya fito a watan Agusta na wannan shekara. A ganina nan ne za a gane ko wane ne mutumin. Yana da damar cusa salonsa ya nuna gwaninta, amma sai ya ƙarasa aikin yadda mai shi ya faro, faifai ya fito da sunan mamaci. Ni ɗan tireda ne, kuma na tashi ina jin manya na cewa ba a sanin yaron kirki sai ranar da maigida ya yi tafiya ya bar masa makullin shago.

Haka ya ci gaba da zirga-zirga tsakanin gidajen biyu. Ya daɗe yana yi wa Diana Krall kiɗa, kuma shi ya kaɗa ganga a faifan Kisses on the Bottom na Paul McCartney a 2012. A ɗaya ɓangaren ya haɗa wa Erykah Badu da ƙungiyar Slum Village kiɗa, ya yi aiki a waƙar 30 Hours ta Kanye West a 2016, ya kuma tsara mafi yawan faifan Black America Again na Common a wannan shekarar. Faifansa na kansa na farko, Alone Together, bai fito ba sai a 2012, yana da shekara 37, bayan kusan shekara ashirin yana yi wa wasu aiki. A 2017 shi da Common da Robert Glasper suka sami lambar Emmy saboda waƙar da suka yi wa fim ɗin 13th.

Sai dai fa mai karatu, amana kaɗai ba ta isa ba, kuma labarin Clyde Stubblefield ya ishe mu misali. Shi ne makaɗin James Brown da ya kaɗa wani ɗan gajeren kiɗa a waƙar Funky Drummer da aka ɗauka a 1969. Daga baya masu hip hop suka riƙa yanko wannan guntun suna gina waƙoƙinsu a kai, ciki har da Public Enemy, har aka yi amfani da shi a waƙoƙi fiye da dubu. Amma da yake ba a rubuta sunansa cikin waɗanda suka tsara waƙar ba, bai ci moriyar wannan ɗimbin arziki ba. Da rashin lafiya ta same shi, mawaƙi Prince ne ya taimaka ya biya masa kuɗin asibiti a ɓoye. Ya rasu a 2017.

Bambancin mutanen biyu ba a hannu yake ba, domin Stubblefield gwani ne na gwanaye. Bambancin yana a takarda. Riggins bai tsaya ga sanda kaɗai ba, ya koyi haɗa kiɗa da tsara shi, abin da ya sa ake rubuta sunansa a inda kaso yake fitowa.

Wannan ne ya sa labarin ya tsaya mini a rai. Mu da muke zaune a Kudu, daga Sabo ta Ibadan zuwa Agege da Mile 12, nawa ne cikinmu ke shekara bakwai ko goma a shagon wani, su ne sauke kaya, su ne riƙe kwastoma, su ne iya yaren gari, amma babu wata magana tsayayya a kan ranar sallama ko jarin da za a ba su? Kunya ta hana yaro tambaya, maigida kuma ya yi shiru. Shawarata ga 'yan uwana matasa ita ce mu riƙe amana kamar yadda Riggins ya riƙe ta Dilla, mu kuma koyi sirrin sana'ar gaba ɗaya, daga inda ake saro kaya har zuwa lissafin riba, sannan a yi magana a gaban shaidu tun da wuri. Iyayen gidanmu kuma, don Allah a riƙa duba waɗanda ke bayan kanta.

Sai mun haɗu a rubutu na gaba. A gaida mutanen gida.