Bayan Alƙali Ya Tashi

Mu da ke karanta rubuce-rubucen ɗalibai a nan 'Yankwashi mun saba da babin kotu. Marubuci zai tattaro mugayen labarinsa a akwati guda, ɗaya ya amsa laifi, alƙali ya yanke musu hukunci gaba ɗaya, sai "Alhamdu lillahi". Littattafanmu na kasuwa ma haka suke yi. To amma amsawar mutum ɗaya ba ta kama na kusa da shi. Sashe na 29 na Dokar Shaida ta 2011 ya ce iƙirarin wanda ake tuhuma ba hujja ba ne a kan abokin tuhumarsa, sai in shi ma ya karɓa. Kowa da nasa ma'aunin.

Mu duba shari'ar Amina Lawal ta Kurami. A 2002 aka gurfanar da ita a kotun Shari'a ta Bakori tare da mutumin da ta ambata, bisa tuhumar zina. Shi ya musanta, ya yi rantsuwa, babu shaidu huɗu, aka sallame shi. Ita kuwa ga jaririya a hannu, ga iƙirari, ba lauya, aka yanke mata jifa. Babbar kotun Funtuwa ta tabbatar a watan Agusta.

A nan ne marubucinmu zai ajiye biro, alhali yanzu aka fara. Lauyoyinta, Aliyu Musa Yawuri da Hauwa Ibrahim, suka kai ƙara Katsina, inda aka bi takardun shari'ar layi-layi. Ashe alƙali shi kaɗai ya zauna a Bakori, doka kuwa ta ce da mambobi biyu. Iƙirarin sau ɗaya aka yi, kotun ta ce sai huɗu. Ta nemi janye shi, an hana ta, alhali tana da wannan dama. Sannan ga kwantaccen ciki, wanda malaman Malikiyya suka yarda yana iya kai shekara biyar, ita kuwa ba ta kai haka da rabuwa da mijinta ba. Ranar 25 ga Satumba 2003 alƙalai huɗu cikin biyar suka soke hukuncin.

Abin da ya fi tsaya mana a rai shi ne wata goma sha takwas ɗin nan da ta yi tana goyo, tana jiran a karanta takarda. Da wuya ka ga an ba irin wannan jira ko shafi ɗaya a littattafanmu.