Rufin Asiri Ma Magani Ne

Idan aka zauna hira a majalisa aka ɗauko zancen asibiti, da wuya a tashi ba a taɓa ma'aikatan jinya ba. Wannan ya ce an daka wa matarsa tsawa a ɗakin haihuwa, wancan ya ce ya yi ta sallama a bakin teburi ba a ko ɗago kai an dube shi ba. Wasu daga cikin ƙorafe-ƙorafen nan gaskiya ne, kuma babu amfanin musanta su. Sai dai muna da wata ɗabi'a: ɓacin rai mukan kai shi kasuwa, alheri kuwa mu bar shi a ƙuryar ɗaki. Hausawa sun ce yaba kyauta tukwici. Wannan rubutu shi ne tukwicina ga wasu ma'aikatan jinya biyu, mace da namiji, da suka karɓe ni a sashen agajin gaggawa na wani asibitin gwamnati. Ba zan ambaci sunayensu ko sunan asibitin ba, domin waɗanda suka rufa mini asiri ba su cancanci in jefa su bakin duniya ba tare da izininsu ba.

Lalurar da ta kai ni tana cikin waɗanda dattijo ba ya son ambata a bainar jama'a. Fitsari ne ya ƙi fita. Ina da shekara 61, na yi ritaya daga aikin koyarwa, kuma lokacin hunturu ne, ina fama da mura. Bayan sallar isha'i na zaga bayan gida, na tsuguna, shiru. Na sake komawa, shiru. Kafin ƙarfe ɗaya na dare marata ta kumbura ta yi tauri kamar an cusa mini ƙwarya, ga azabar da ba ta barin mutum ya zauna, ya tsaya ko ya kwanta. Ana kaɗa sanyi, ni kuwa zufa nake yi.

'Ya'yana maza ba sa gari. Mota ɗaya ce tak za a iya samu a wannan tsakar dare, ita ce ta surukina, mijin 'yata ta fari. Duk Bahaushe ya san nauyin wannan magana. 'Yar da ko sunanta ba na kira, ga kuma mijinta wanda shekara tara ke nan ban taɓa cin abinci a gabansa ba, shi ma bai taɓa ɗaga ido ya dube ni ba. Uwargida ba ta tsaya neman shawarata ba, ta buga masa waya. A cikin mota ya tambaye ni a ladabce, "Baba, ina ke ciwo?" Na ce masa ciki ne. Hanyar unguwarmu duk ramuka ce, kuma kowane rami muka faɗa sai wani ɗan ɗigo ya kuɓuce mini ba da sanina ba. Kafin mu isa, gaban wandona ya jiƙe, alamar har ta fito a kan riga.

Sashen gaggawa a cike yake maƙil. Ga waɗanda suka yi hatsari da babur mai ƙafa uku, ga wata uwa rungume da yaro yana jijjiga, ga 'yan jinya kwance a kan tabarmi har bakin ƙofa. Ina shiga wani matashi ya miƙe ya rusuna, "Malam, lafiya dai?" Ashe tsohon ɗalibina ne. A wannan lokaci, da ƙasa za ta tsage in shige, da na gode.

Ma'aikaciyar jinyar da ke kan teburi ba ta kai 'yata ta biyu a shekaru ba. Kallo ɗaya ta yi wa tafiyata, da hannun da na dafe mara, da gaban rigata. Ba ta yi tambaya daga inda take zaune ba. Ta taso ta tsaya a gabana, ta yadda jikinta ya shiga tsakanina da idon jama'a. Ta rubuta wata 'yar takarda ta miƙa wa surukina, ta ce, "Malam, taimaka ka je ka yanko kati, sannan ka biya ɗakin magani ka karɓo waɗannan." Sai da ya bar wurin ta rage murya ta ce, "Sannu Baba. Yaushe rabonka da fitsari?" Na faɗa mata. Ta ce, "Wanda ya kawo ka ɗanka ne?" Na ce surukina ne. Ta gyaɗa kai ta ce, "To, na gane." Ba ta ƙara ko kalma ɗaya a kan wannan ba, amma duk abin da ta yi bayan nan ya nuna lallai ta gane.

Babu gado a buɗe, sai wani benci na duba marasa lafiya a can lungu. Labulen kariya mai taya guda ɗaya ne, kuma an kewaye wata mata da shi. Sai ta ɗauko zanin gado, ta ɗaura gefe ɗaya a jikin ƙarfen rataya ƙarin ruwa, ɗaya gefen a ƙarfen taga. Likita ya zo ya danna marar, ya yi 'yan tambayoyi, ya ce a sa robar fitsari nan take, ya wuce wurin masu hatsari. Ta dube ni ta ce, "Baba, aikin nan na iya shi, kusan kullum ina yin sa. Amma akwai abokin aikina namiji a ɗakin maza. In za ka iya jure minti biyar, sai in kira shi. In kuwa ba za ka iya ba, yanzu zan yi, kuma babu wanda zai ji." Ranar wanka ba a ɓoyon cibiya, haka ne, amma an ba ni zaɓi, kuma zaɓin nan ya dawo mini da wani abu da na ji ya zube tun a mota. Na ce zan jure. Da kanta ta tafi, da sassarfa.

Wanda ta zo da shi mutum ne mai natsuwa. Ya wanke hannu, ya sa safar hannu, ya lulluɓe ni da mayafi, bai buɗe komai ba sai iyakar inda aiki ya tilasta. Kowane mataki sai ya faɗa mini kafin ya yi: yanzu zan goge, yanzu za ka ji sanyin magani, yanzu ka ja numfashi. A tsakani yana tambayata darasin da na koyar, da na ce lissafi sai ya yi dariya ya ce ashe yau ya kama ɗaya daga cikin waɗanda suka wahalar da shi. Ban san lokacin da ni ma na yi murmushi ba. Can sai na ji nauyin nan yana sauka. Abin da ya taru a jakar ya kusa lita guda. Shekara da shekaru ina karanta addu'ar fitowa daga bayan gida, amma a daren nan ne na san girman ni'imar da ake gode wa.

Bayan na dawo hayyacina, ita ce ta kira uwargida a waya ta ce a aiko da wasu tufafi, ta naɗe jiƙaƙƙun a baƙar leda ta ƙulle. Ga surukina kuwa abin da ta ce kawai shi ne, "Baba ya samu sauƙi, likita ya ba shi ranar dawowa." Abokin aikinta ya nuna mini yadda zan ɗaure jakar a ƙafa ta ɓuya cikin wando, da yadda zan zubar in tsaftace, ya ce in yawaita shan ruwa, kuma in na ga zazzaɓi, ko jini, ko fitsarin ya daina sauka, in dawo ba tare da jira ba. Na fito daga wannan lungu da hulata a kai, na amsa gaisuwar ɗalibina kamar yadda malami ke amsawa.

Daga baya likitan mafitsara ya yi mini bayanin da ya kamata kowane namiji ya sani. A ƙarƙashin mafitsarar namiji akwai wani ɗan ƙullutu da ake kira furostet, wanda ya kewaye hanyar fitsari kamar zobe. Yayin da shekaru suka ja, musamman bayan 50, yakan ƙara girma ya matse hanyar. Alamunsa su ne yawan tashi fitsari da dare, da raunin fitarsa, da jin kamar bai ƙare ba. Wasu magungunan mura da na ƙaiƙayi, da kuma taurin bayan gida, kan iya sa hanyar ta toshe gaba ɗaya farat ɗaya. Yawancin wannan kumburi ba ciwon daji ba ne, kuma akwai magani, akwai aiki idan ta kama. Amma fitsarin da ya daɗe a tare yakan koma baya ya illata ƙoda.

A nan ne darajar abin da ma'aikatan nan suka yi ta wuce ni kaɗai. Kunya ado ce a wurinmu, da ita muke gane ɗan mutunci. Amma kunyar nan ita ce ke hana magidanta da yawa zuwa asibiti da ciwon mara, da basir, da gwaiwa, kamar yadda take hana mata faɗin ƙullutun mama ko yoyon fitsari. Mutum ya gwammace ya tsaya wurin mai tallar maganin sanyi da lasifika a bakin kasuwa, domin a can babu wanda zai ce ya tuɓe. Duk mara lafiyar da aka tozarta sau ɗaya ba zai koma ba sai an ɗauko shi ranga-ranga, kuma zai hana abokansa goma zuwa. Wanda aka suturta kuwa zai koma da ƙafarsa. Ni dai tun daga lokacin na raka abokaina biyu wurin likita, kuma abin da ya sa suka yarda shi ne labarin zanin gadon nan. Saboda haka nake cewa rufin asiri ba ƙari ba ne a kan magani, yana cikin maganin.

Wannan aiki yana da asali mai daraja. Tarihin Musulunci ya adana sunan Rufaida Al-Aslamiyya, wadda ta kafa tanti a masallacin Madina tana jinyar masu rauni, kuma a tantinta aka kwantar da Sa'adu ɗan Mu'azu bayan Yaƙin Gwalalo. A Turai kuma ana tuna Florence Nightingale, 'yar Ingila da ta je jinyar sojoji a ƙasar Turkiyya a 1854, wadda ranar haihuwarta, 12 ga Mayu, ta zama Ranar Ma'aikatan Jinya ta Duniya. Dokokinmu ma ba su yi shiru ba. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta haramta ƙin karɓar mara lafiyar gaggawa, ta kuma wajabta ɓoye sirrinsa. Amma doka ba ta iya koya wa mutum ya tashi daga kujera ya tsaya tsakanin dattijo da idon jama'a. Wannan tarbiyya ce da tausayi.

Ya kamata kuma mu dubi halin da ake wannan tausayi a cikinsa. A daren da nake magana, mace ɗaya ce ke karɓar duk mai shigowa, ita ce ke kai-komo tsakanin jini da kuka da faɗan 'yan jinya. A watan Fabrairun 2024, magatakardan Hukumar Kula da Aikin Jinya da Ungozoma ta Najeriya, Faruk Abubakar, ya bayyana cewa ma'aikatan jinya kusan 42,000 sun bar ƙasar nan cikin shekara uku. Aikin waɗanda suka tafi a kan waɗanda suka rage yake sauka. Tun a 2001 shugabannin Afirka suka yi alkawari a Abuja cewa za su riƙa ware kashi 15 cikin 100 na kasafinsu ga lafiya, amma har yau kasafin tarayyarmu bai kai nan ba. Wannan ba hujja ba ce ga mai wulaƙanta mara lafiya, sai dai yana ƙara nauyin ladan wanda ya riƙe halinsa na kirki a cikin gajiya.

Roƙona ga hukumomin asibitoci ƙarami ne. Labule ba na'urar miliyoyi ba ne. A sa shi a kowane gado na sashen gaggawa, kada sutura ta dogara ga dabarar ma'aikaci. A tsara aikin dare yadda za a samu mace da namiji a kusa. A samar da hanyar da mara lafiya zai rubuta yabo, ba ƙorafi kaɗai ba, kuma yabon ya shiga takardun ƙarin girma. Makarantun koyon aikin jinya kuma su ɗauki sanin al'adar mara lafiya a matsayin darasi, domin wanda ya san ma'anar suruki da ɗan fari ya san rabin abin da bakin mara lafiya ya kasa faɗa.

Ga 'yan'uwana magidanta kuwa, idan fitsari ya fara canja hali, a je a ga likita tun ana tafiya da ƙafa, da rana tsaka. Mu kuma jama'a, idan muka shiga asibiti mu yi sallama da sakin fuska, in an kyautata mana mu buɗe baki mu ce mun gode, mu kuma kai labarin majalisa kamar yadda muke kai na ɓacin rai. Alheri danƙo ne, ba ya faɗuwa ƙasa banza. Allah Ya saka wa duk ma'aikacin jinyar da ke raba dare a kan ciwon wani, Ya suturta su duniya da lahira, Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi.