Reshen Darbejiya a Bakin Gada

Duk wanda ya saba bin hanyoyin ƙauyukan da ke kewaye da Karfi a lokacin marka ya san wannan alama: reshen darbejiya a cake a gefen gada, ganyensa ya fara yaushi. Babu wanda ya san mai cake shi. Wani bawan Allah ne ya ga rami ya buɗe, ya ji tsoron kada ɗan acaɓa ya afka cikin dare, ya karyo reshe ya kafa. Direba na hango shi sai ya rage gudu, hirar fasinjoji ta ɗauke, kowa na bisimilla a zuci har a haye.

Akwai wata tsohuwar gada da nake bi in zan je gona, wadda tun ina yaro nake ganinta. Bana na sauka daga mashin na leƙa ƙarƙashinta. Tsohon ginin dutsen yana nan daram, ya yi baƙi, gansakuka ta lulluɓe shi, amma ko tsaga babu. Abin da ruwa ya cinye shi ne facin da aka yi mata shekarun baya kaɗan. Rodi ya fito tsirara ya yi tsatsa. Na sa yatsa na sosa kankaren, sai ga shi yana zubowa kamar garin ƙuli-ƙuli. Raina ya ɓaci matuƙa, domin yaran makaranta na gani suna tsallakawa ta kansa.

Mutane na cewa ruwa ne ya yi yawa. Gaskiya ne ana samun ruwa mai ƙarfi, amma ruwan da ya daki facin shi ne ya daki dutsen. Tambayi kowane magini na kirki, zai gaya maka haɗin da aka sani: buhun siminti ɗaya, kwanon sarki huɗu na yashi, takwas na tsakuwa. Bayan an zuba kuma a riƙa ba shi ruwa aƙalla kwana bakwai, ƙarfinsa ba ya cika sai ya kwana 28. To in aka ninka yashin, aka kwaɓa da ƙasa-ƙasa, aka buɗe wa motoci kwana uku da zubawa don a yi sauri a karɓi kuɗi, me ake jira? Tun ran gini tun ran zane. Sunan wannan aiki ha'inci.

Kuma ruwa bai cika karya gada ta sama ba. Ta ƙasa yake bi, yana kwashe yashin da ke gindin ginshiƙi kaɗan-kaɗan, yana cin kafaɗar gada inda kankare ya haɗu da cikon ƙasa. Shi ya sa za ka ga kwalta sumul, alhali ƙarƙashinta kogo ne. A nan mu ma muna da laifi. Tifa tana shiga har gindin gada a loda mata yashi, muna kallo. Bayan girbi karan masara da leda da shara su toshe bakin kwalbati, babu mai yashewa, ruwan farko na zuwa ya rasa hanya ya haƙa tasa.

Wannan ba matsalar ƙananan gadoji kaɗai ba ce. Gadar Tamburawa da ke kan hanyar Kano zuwa Zariya sai da ta kai ana fargabar bin ta, bayan zaizaya da haƙar yashi sun tone gindin ginshiƙanta, har gwamnatin tarayya ta yi mata gyaran gaggawa. A Satumbar 2010 ambaliya ta yanke hanyar da ta haɗa garin Sakkwato da Jami'ar Usmanu Danfodiyo, sai da aka kafa gadar wucin gadi. Waɗannan sun samu masu magana a kansu saboda manyan hanyoyi ne. Tamu ta ƙauye in ta faɗi, labarin ba ya wuce majalisar bakin kasuwa.

Amma ta kanta masarar da ake taƙama da ita a Funtuwa da Bakori da Dandume take fitowa. Ta kanta taki yake shiga gona, ta kanta ake wucewa da mai naƙuda zuwa asibiti a Malumfashi. Ranar da a-kori-kura ta kasa hayewa, manomi zai sayar da buhunsa a farashin da ɗan kasuwa ya ga dama.

Masu unguwanni da dagatai, don Allah ku hana ɗibar yashi a gindin gadoji. Matasa, a yi gayya a yashe kwalbatoci kafin ruwan farko. In kuma aka kawo aikin gyara, dattawan gari su je su tsaya a wurin kwaɓi, su ƙirga buhunan siminti da idonsu.