Ƙafar Hilux Ɗin Kawu

A gareji, duk abin da ke tsakanin taya da jikin mota sunansa ɗaya ne, ƙafa. Direba zai shigo ya ce "ƙafata na ƙara," kowa kuma ya san ba tasa yake nufi ba. Mu kuwa a aji an raba mana abin gida biyu: darasin sitiyari daban, darasin sifirin da shokabsoba daban, kowanne da zanensa da tambayarsa a jarrabawa. Wata huɗun da na yi ina SIWES bayan shekarar farko, a wani gareji a Kano da ba a aikin komai sai ƙafar manyan motoci, su suka nuna mini cewa makanikai sun fi mu dacewa da suna. Gaban mota jiki guda ne, in ka taɓa nan sai can ya amsa.

Motar da ta fi koya mini wannan ta kawuna ce, ƙanin mahaifiyata. Hilux ce ƙirar 2010, mai jan ƙafa huɗu. Da ita yake bin kasuwannin ƙauye yana sayen masara da waken suya da riɗi, ya kai Dawanau. Rabin rayuwar motar nan ba a kan kwalta take yinsa ba, daga burji sai yashi, in damina ta zauna kuma laka. Ban da wannan, a garinmu ita ce motar asibiti. Mace ta shiga naƙuda da tsakar dare, ko maciji ya sari wani a gona, ƙofar Kawu ake bugawa.

Bayan kaka ya zo mana da kuɗi a aljihu da hoto a waya. Hoton wata Hilux ce a dajin Ostireliya, an ɗaga ta sama, tayoyinta kamar na tarakta. Ya ce wa maigidanmu, "Malam, haka nake so a mayar mini da ita. Inci huɗu. Na gaji da cikinta na dukan ƙasa." Oga bai ce e ba, bai ce a'a ba. Ya dai ce a ɗora ta a jak tukuna, ya juyo gare ni ya ce, "Ɗan boko, motar gidanku ce, kai za ka duba."

Kafin in faɗi abin da muka gani, bari in ɗan yi wa waɗanda ba 'yan sashenmu ba bayani. Toyota ta fara ƙera Hilux a 1968. Tsofaffin masu jan ƙafa huɗu, gabansu ƙarfe guda ne miƙaƙƙe da ya haɗa tayoyin biyu, yana zaune a kan sifirin mai falle-falle. Har yau akori-kurar Land Cruiser 79 tana da irin wannan miƙaƙƙen ƙarfe a gaba. Amma Hilux da ta fito daga 2005, wadda aka fi sani da Vigo, kowace tayar gaba cin gashin kanta take. Hannu biyu ne ke riƙe da ita, na sama da na ƙasa. Kowane hannu yana manne da shasi ta bushin na roba, a ɗaya bakin kuma akwai bol-joyin, wato gaɓa mai kai kamar ƙwallo da ke juyawa cikin kwasfa, kamar dai kafaɗar mutum. Nannaɗaɗɗen sifirin da shokabsoba a cikinsa suna tsaye a kan hannun ƙasa. Sitiyari yana tura rak hagu da dama, rak ya tura rak-en, shi kuma ya tura tayirod, tayirod ya juya taya. Sai shaf da ke kawo ƙarfin inji, mai gaɓa biyu, kowacce a rufe da roba cike da giris. Wannan tsari ya fi daɗin tuƙi, amma kowace gaɓa a cikinsa tana da iyakar lanƙwasar da za ta iya.

Duba ƙafa ba ya bukatar kwamfuta. Oga ya koya mini in sa jak a ƙarƙashin hannun ƙasa, kusa da taya, domin ƙarfin sifirin ya sauka daga kan bol-joyin, in ba haka ba sifirin zai danne shi ya ɓoye wasan da ke ciki. Sai ka kama taya sama da ƙasa ka girgiza: in ta yi wasa, bol-joyin ne ko boris. Ka kama ta hagu da dama: in ta yi wasa, tayirod ne ko rak-en. Sannan ka shafa tayar da tafin hannu. In bakinta na ciki ya cinye, saiti ya gudu. In ta yi tudu da kwari, shokabsoba ya mutu. Ƙarar ƙas-ƙas idan an karya kwana har ƙarshe kuwa, gaɓar shaf ce ke kuka.

Kusan duka na samu a motar Kawu. Bushin ɗin hannun ƙasa sun tsattsage, shokabsoba na dama ya jiƙe da mai, rak-en ɗaya yana wasa, sifirin biyun sun zauna saboda shekaru da nauyin katon bamba na ƙarfe da ya sa a gaba. Wanda ya tayar mini da hankali shi ne bol-joyin na ƙasa a ɓangaren direba. Robarsa ta yage tuntuni, kuma sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga: yashi ya shiga ya cakuɗe da giris, ya zama kamar dutsen wasa wuƙa, yana ci a hankali. Wannan gaɓa ita ke ɗauke da nauyin gaban motar a wannan ɓangare. Duk wanda ya taɓa ganin mota a bakin titi ta durƙusa, tayarta ta kwanta waje guda, to ya ga abin da ke faruwa idan ta fita daga kwasfarta. A cikin gari abin kallo ne. A kan hanya da gudu, da buhuna a baya da mutane a kan buhunan, ba na son ma in ƙarasa.

Da na gama, Oga ya ce in yi wa Kawu bayani da kaina. Wallahi na fi jin tsoron wannan a kan aikin. Mutumin da ya biya mini kuɗin rajista a shekarar farko, ni zan ce masa abin da yake so ba daidai ba ne? Na durƙusa kusa da bencin da yake zaune, na ce, "Kawu, a yi haƙuri, ina da 'yar magana." Ya ce, "Ina jin ka, ɗana."

Na ce masa dukan ƙasan da yake kuka da shi, babban dalilinsa shi ne gaban motar ya zauna, ba wai an ƙera ta gajera ba. Na ce kuma ɗaga irin wannan ƙafa ba ya ƙara mata nisan motsi. Tazarar da taya ke yi sama da ƙasa a ƙayyade take. In ka ɗaga mota da dogon sifirin ko da zoben ƙarfe, ka tura hannuwan ƙasa ne tun mota na tsaye, saboda haka idan taya ta faɗa rami ba ta da sauran wurin sauka, sai ta rataye a iska ko ta fizgi bol-joyin na sama. Masu wannan aiki sun saba tsayawa a wajen inci biyu, wato milimita 50. In aka wuce haka, hannun sama yana iya taɓa sifirin, shaf yana aiki a karkace, robarsa na gogar kanta har ta yage, sai an canza hannun sama da wasu kayan kafin ƙafar ta dawo hayyacinta. Motar cikin hoton duk an yi mata wannan, kuma ba buhun masara take ɗauka ba.

Sai maganar kasta, wadda na sha haddacewa don jarrabawa. Na ce ya tuna cokalin gaban keke, yadda ya ɗan kishingiɗa baya. Wannan kishingiɗar ce ke sa keke ya miƙe da kansa har yaro ya saki hannu. Mota ma tana da ita, ita ke dawo da sitiyari tsakiya bayan kwana. Ɗagawa tana rage ta, sai mota ta riƙa yawo a kan hanya, direba na ta kamo ta. Ga shi kuma duk incin da aka ƙara, nauyin motar da na kayanta ya ƙara nisa da ƙasa. Mota ce da aka ƙera don kayan da bai wuce tan ɗaya ba, wato buhu goma na kilo 100, mu kuwa mun san yadda ake loda ta ranar kasuwa. Dogon kaya a kan doguwar mota a gefen kwazazzabo, kowa ya san ƙarshensa.

Maganar taya ce ta sa na ciro biro. Tayarsa 265/65 R17 ce. Wili inci 17 ya kama milimita 432, gefen taya kashi 65 cikin ɗari na 265 sau biyu ya kama wajen 344, jimla milimita 776. Wadda yake so, 285/70 R17, tana kai 831. Bambancin milimita 55 ne, amma rabinsa kawai ke shiga ƙarƙashin mota, wajen 27, bai fi kaurin yatsa biyu ba. A madadin haka sai ya ɗauki taya mai nauyi da faɗi da za ta riƙa gogar jiki a kwana, ta ƙara wa rak da boris da birki wahala, ta rage wa mota ƙarfin tashi, ta kuma sa agogon gudu ya riƙa yi masa ƙaryar kashi 7 cikin ɗari: yana ganin 100, alhali yana kan 107.

Kawu ya yi shiru yana kallon takardar. Can ya dubi Oga ya ce, "Malam, haka ne?" Oga ya ce, "Alhaji, ni ban iya lissafinsa ba, amma duk wadda aka ɗaga haka, nan take dawowa da yagaggiyar roba." Kawu ya ce, "To, ku yi abin da ya dace."

Kwana biyu muka yi. Mun fara da gyara kafin ƙari: bol-joyin na ƙasa duka biyu, bushin, rak-en da tayirod, komai hagu da dama tare, domin tafiya ɗaya suka yi, wahala ɗaya suka sha. A Ƙofar Ruwa za ka samu kaya hawa-hawa, sabo na kamfani, na Beljiyom, da mai sauƙin kuɗi. Oga yana da ƙa'ida: fitila ko madubi ka sayi wanda aljihunka ya iya, amma abin da in ya karye taya za ta bar mota, sabo mai kyau kawai. Araha ba ta ado, balle a bol-joyin.

Akwai ƙananan abubuwa da ba na mantawa. Sifirin ba a matse shi da igiya ko waya, sai da abin matse shi, domin ƙarfin da ke ɗaure a cikinsa ya isa ya fasa wa mutum fuska. Notin bushin ba a ƙarasa ɗaure shi mota na rataye, sai an sauke ta ta zauna a kan tayoyinta, in ba haka ba robar za ta zauna a murɗe ta mutu da wuri. Kowane noti da sifana mai awo ake ƙarasa shi, ba da tsalle a kan bututu ba. Fin ɗin da ke kulle notin tayirod kuwa sabo ake sawa, ba a lanƙwasa ƙusa a cusa.

Ƙarin da muka yi kaɗan ne. Sifirin mai ɗan ƙarfi da zai ɗauki nauyin bamban, wanda ya ɗaga gaban ƙasa da inci biyu. Shokabsoba mai kaurin jiki, saboda aikinsa shi ne mayar da girgiza zafi, kuma a kan burji mai gargada man da ke cikin siriri yakan yi zafi ya yi kumfa, ya daina riƙewa. Farantin ƙarfe a ƙarƙashin inji. Sai taya 265/70 R17 mai ƙarfin gefe, wadda ta ƙara wajen milimita 13 ba tare da ta taɓa komai ba. A ƙarshe aka je alaimen: kamba da kasta ta notin saiti da ke kan hannun ƙasa, waɗanda sai da muka sha fama da tsatsarsu, sannan towin ta tayirod. Da Kawu ya zaga da ita ya dawo, abin da ya ce kawai shi ne, "Ashe da can kokawa nake da ita." Ta ci daminar da ta biyo baya tana aikinta, har da tafiyar dare.

Ga ƙannenmu 'yan shekarar farko da za su fita SIWES, na san yadda ake yi: a samu inda za a buga hatimi a littafi, a koma gida a kwanta. Ni dai shawarata, ku nemi wurin da za ku yi datti. Za ku tarar da mutanen da ba su taɓa jin sunan kasta ba, amma daga ƙarar mota a bakin ƙofa sun san gaɓar da ta mutu. Kada ku raina su, kada kuma ku ji kunyar abin da kuka karanta, domin ranar da aka zo da hoto a waya, lissafin nan ne zai shawo kan mai mota. Ku riƙe ƙaramin littafi a aljihu, duk abin da oga ya ce "haka ake yi," ku rubuta, da daddare ku buɗe darasinku ku nemo dalilinsa.

Waɗanda kuma ba ruwansu da kanikanci, in kun je hutu gida kuka ga akori-kurar da ke ɗaukar mutanen garinku, ku leƙa bayan tayar gaba. In kun ga yagaggiyar roba ko giris ya fantsama a cikin wili, ku gaya wa direban ya kai ta a duba kafin ranar kasuwa.