Hamma, Kejin Kajin Nan Ya Kammala

Girei,
Jihar Adamawa.

Hamma,

Mu nan lafiya ƙalau, sai zafi. Dada tana gaishe ka. Ta ce maganin ƙafar ya iso kuma ta ji daɗinsa, amma in gaya maka aike ba ya maye gurbin zuwa.

Na zaɓi takarda ne saboda na san halinka. In na kira ka a waya, kafin in kai rabin zance ka fara dariya, ƙarshenta in kashe ban faɗi abin da ya sa na kira ba. Ga shi kuwa akwai awo da lissafi a cikin maganar, ina so ka riƙe su a aljihu ranar da za ka shiga kasuwa.

Ka tuna hoton da na turo maka kwanakin baya, wani katako tsaye a zaure kamar kabad ɗin da aka manta ba a sa wa ƙofa ba, har ka tambaye ni ko kiwon kaji na fara? To, kejin ya kammala, kuma ba kaza ko ɗaya a ciki. Akwatin gem ne irin na tsaye, mai allo a sama, da sanda biyu da madannai a gaba, mutum biyu su tsaya kafaɗa da kafaɗa su kara. Tsawonsa ya kusa ƙafa 6, faɗinsa ƙafa 2 da 'yan kai. Tun da na kunna shi zaurenmu bai sake zama shiru ba.

Abin dariyar shi ne, ni da kai ba mu taɓa buga irin wannan akwati ba. Abin da muka sani shi ne shagon nan na Jimeta da muke tsallaka gadar Binuwai don mu je: talabijin biyu a kan tebur, benci ɗaya mai rawa, Sega Mega Drive, da mai shago yana kallon agogo kamar alƙalin wasa. Wanda ya ci ya zauna, wanda aka ci ya miƙa hannu ga na baya. Ka tuna yadda muke fama da Street Fighter II a hannun nan mai madanni uku, sai ka danna Start kafin naushi ya koma shuri? Mun ɗauka haka Allah ya yi wasan. Sai da na girma na gane cewa lokacin da kamfanin Capcom ya fito da shi a 1991, a akwatin tsaye ya fito, da madanni shida: uku na naushi a sama, uku na shuri a ƙasa. Wato duk dukan da ka yi mini da Ken shekara da shekaru, a gurguwar na'ura ka yi shi. Wannan ne ya tsaya mini a rai, na ce sai na ga yadda abin yake a asalinsa.

Akwai kuma dalili na biyu. Wata rana na dawo gida na tarar da yara huɗu a tsakar gida, nawa biyu da na maƙwabta biyu, kowa ya dunƙule a kusurwarsa da wayar uwarsa, ba mai ce wa wani uffan. Mu kuwa a shagon nan, mutum biyu ke bugawa amma goma ke ihu. Na ce bari in gwada in gani ko gem ɗin ne ya canja ko kuwa wurin zaman.

Na fara da kafintanmu na bakin titi. Na nuna masa hoto, ya juya shi sama da ƙasa, ya ce, "Malam, wannan mumbari ne ko kanta?" Da na yi masa bayani sai abin ya shiga ransa fiye da ni. A ƙasashen Turai da Amurka galibi da katakon nan na garin itace da aka matse suke yi, saboda yana da santsi kuma yana shan fenti. Shi ya hana ni. Ya ce damina ɗaya a Girei, ƙasan zai sha laima ya kumbura kamar burodi, ga gara tana jira. Muka sayi filawud mai kauri a Jimeta, aka ɗaure shi a kan Keke Napep, na zauna a gefe ina riƙe da shi har muka wuce Vinikilang iska tana neman ta tafi da mu duka. Ya shafe shi da maganin gara, ya sa masa ƙafafu huɗu don kada ya taɓa siminti. Gefe biyun ne masu wuya, don dole su fito iri ɗaya sak. Sai ya haɗe allunan biyu da ƙusa, ya zana siffar a na sama, ya yanke su tare da zarto ɗaya. Ni da karatuna da ɗaya bayan ɗaya zan yanka, in zo ina neman dalilin da ya sa akwati ya karkace.

Wajen allon kallo na so in yi taurin kai. Tsohuwar talabijin ɗin Baba mai ƙusumbi tana nan a ɗakin Dada, lulluɓe da zani, kuma waɗannan wasanni don irinta aka zana su. Na kai ta wurin mai gyaran rediyo in ce ya ciro mini tulun daga gidansa. Ya dube ni ya ce ko na gaji da duniya ne. Tulun talabijin mai kala yana aiki da wutar da ta haura bolt dubu 20, kuma yakan riƙe saura a cikinsa ko bayan an zare soket. A sa wannan cikin akwatin da yara za su riƙa leƙawa ta baya? Na mayar wa Dada kayanta. Na sayi tsohon allon kwamfuta na hannu, inci 17, irin mai kusan murabba'i ɗin nan da ofisoshi suka daina yayi. Shi ya fi dacewa, don a allo mai faɗi na zamani sai ka ga Mario ya yi ƙiba kamar wanda ya gaji kanti. Kuma na dace da wanda yake aiki da bolt 12, abin da ya zo ya yi mini rana daga baya.

Ƙwaƙwalwar akwatin kuwa ba ta kai tafin hannunka ba. Wata 'yar kwamfuta ce da ake kira Raspberry Pi, 'yan Ingila suka fara fito da ita a 2012 don koya wa yara. Wani ɗalibin jami'ar Modibbo Adama da ke haya a Sangere, wanda nake gyara wa fanka, shi ya sayar mini da tasa bayan ya gama aikinsa na shekarar ƙarshe. (Har yau bakina tsohon sunanta, FUTY, yake cewa, yaran suna yi mini dariya.) Shi ya sa mini manhajar RetroPie a memori, ya bayyana mini yadda abin yake: na'urar tana kwaikwayon tsohon injin ne, har wasan ya ɗauka a gidansa yake. Mai kwaikwayon akwatunan tsaye sunansa MAME, wani Ba'italiye, Nicola Salmoria, ya fitar da shi a 1997 don kada tsofaffin wasanni su mutu tare da injinansu. Sanda da madannai kuma duk wayoyinsu suna taruwa a wani ɗan faranti, shi kuma ya shiga Pi ɗin ta USB. Madanni shida-shida, da na farawa, da sanda mai waya huɗu: na kwana biyu ina bin waya kamar mai tsefe kitso.

Kurakuraina ba su da iyaka, amma uku sun isa ka yi dariya. Na farko, na sa aka huda ramukan madannai da awon milimita 28, wanda shi ne na Amurka, alhali waɗanda na saya irin na Japan ne masu 30. Rami goma sha biyu muka bi da samfefa ɗaya bayan ɗaya, kafinta yana yi yana faɗin, "Awo kafin yanka, Malam." Na biyu, na haɗa Pi ɗin da cajar waya ta banza, sai wata alamar walƙiya ta riƙa fitowa a kusurwar allo, wasa yana tafiya kamar mai ciwon baya. Ashe bolt 5 take so da amfiya biyu da rabi cif. Na uku ya fi ciwo: ana tsakiyar wasa aka ɗauke wuta, da aka dawo da ita akwati ya ƙi tashi, memorin ya rikice, sai da ɗalibin nan ya sake zuba komai daga farko. Tun ranar na raba shi da wutar gari. Yanzu a batirin solarmu yake, allon yana sha kai tsaye, Pi ɗin kuma ta wata 'yar na'ura mai rage wuta zuwa 5.

Sai zafi. Ka san Girei a watan Maris da Afrilu, ma'auni yana haura 40 a inuwa. Ka rufe na'ura a cikin katako a wannan yanayi, tanda ka gina. Da Pi ta kai wajen digiri 80 sai ta rage gudu da kanta don kada ta ƙone. Na ciro fanka daga wata matacciyar kwamfuta na dasa a bayan akwatin daga sama tana fitar da iska, na huda ƙasa don sabuwa ta shigo, na rufe hudar da ragar sauro ninki biyu saboda ƙurar hunturu da kyankyasai.

Maganar ramin kuɗi ita ta fi ba mu dariya. A asali waɗannan akwatuna da tsaba suke aiki. Labarin Pong ma, wanda kamfanin Atari ya yi a 1972, haka yake: sun ajiye na gwaji a wata mashaya a Kalifoniya, ba a jima ba aka kira su wai ya lalace, da injiniyan, Allan Alcorn, ya buɗe sai ya tarar kuɗi ne suka cika suka toshe shi. To mu ina tsabar? Tun sulallan da aka fitar a 2007 mutane suka ƙi karɓa, ɗana bai taɓa sayen ko alewa da tsaba ba. Na sa madanni guda a gefe, in an danna ya zama kamar an jefa kuɗi. Dama ba kuɗi nake karɓa ba kuma ba zan karɓa ba. Wasannin suna da masu su, ban ga dalilin da zan ci abinci da gumin wani ba, ballantana unguwa ta ce na buɗe gidan gem a zauren Baba.

Shi ya kawo ni kan Dada. Ranar da ta ji kiɗan Pac-Man ta fito da sandarta ta tsaya a bakin zaure. Ta ce, "Abin da ya sa Babanku ya karya tsumagiya a bayan yayanka, shi ka kawo mini har gida?" Hamma, kuɗin niƙan nan da suka ƙare a shagon gem, ni na taɓa su, kai ka sani, ni na sani. Kai ka ce kai ne, ka sha dukan, ba ka taɓa tayar da zancen ba ko da muna faɗa. A wannan rana na gaya mata gaskiya, bayan shekara kusan talatin. Ta yi shiru, sannan ta ce ai tun a ranar ta sani, don kai in ka yi ƙarya kunnenka yake motsi.

Da ita muka yanke doka. Makunnin yana cikin wata 'yar ƙofa mai kwaɗo, makulli yana ɗaure a bakin zaninta. Ana buɗewa Alhamis da Juma'a bayan la'asar, ranakun da babu Islamiyya, a rufe da kiran magariba, ko da kuwa saura naushi ɗaya. Wanda bai biya haddarsa ba kallo ne nasa. Mortal Kombat na cire shi gaba ɗaya. Mu mun buga shi muna yara ba wanda ya lura, amma ko a Amurka sai da majalisar dattawansu ta zauna a kansa a 1993, har aka kafa hukumar da ke sa wa wasanni alamar shekaru a 1994. Na bar musu Pac-Man, Donkey Kong, Contra, Super Mario, da Street Fighter II saboda ni. Abin da ban zata ba, 'yar autata ce ta fi kowa a Pac-Man, sai an sa mata kujera 'yar tsugune ta taka kafin ta kai sanda. Yayyenta maza suna tsaye a baya suna ba ta shawara, ita kuwa ko waiwaye.

Yanzu ga buƙatata. Sandar dama ta fara ƙin zuwa hagu, don na arha na saya kuma yara ba su san lallashi ba. A Jimeta na zaga ban samu ba. Don Allah ka duba mini a Sabon Gari wajen masu kayan lantarki, in babu ka sa yaron shagonka ya yi oda ta intanet, ku a Kano kaya sun fi saurin iso muku. Sanda biyu nake so, in da hali ƙirar Sanwa ko mai kama da ita, wadda ake iya juya farantin ƙasanta daga kusurwa takwas zuwa huɗu. Wannan yana da muhimmanci: Pac-Man, wanda Namco suka fitar a 1980, sama da ƙasa da hagu da dama kawai ya sani, in sanda ta faɗa tsakani sai ya tsaya a kwana a cinye shi. Sai madannai goma masu milimita 30, na maimaita, 30, kowace kala ce. Ka ba direban motar Yola ka turo mini lambarsa, zan tare shi a tasha. Kuɗin kuma ka faɗa mini gaskiyarsu, kada ka yi mini irin taka.

Sandar hagu, ta ɗan wasa na ɗaya, lafiyarta ƙalau, don na hana kowa wasa da ita da ƙarfi, na ce ta Baffansu ce na Kano. Ka zo da Sallah ka kwana biyu, Dada ta gan ka. Ken yana nan, madanni shida suna nan, kuma wata uku ke nan ina atisaye.

Ka gaishe mini da Adda da yara. Wassalam.

Ni ne,
Ƙaninka.