Kafin Alƙalami

Gidan da mahaifinmu ya bar mana a Sabo ta Ibadan ba wani babban gida ba ne. Muna zaune a sashe ɗaya, sauran kuwa 'yan haya ne a ciki, kuma da kuɗin hayar nan ake cefane, da shi ake biya wa ƙannena kuɗin makaranta. Da Allah ya yi masa rasuwa sai littafin haya ya faɗo hannuna, domin Yayana direban babbar mota ne, yau yana Legas gobe yana Kano, ni kuwa an ce ɗan boko ne, na iya rubuta rasit.

A daminar 2022, lokacin da malaman jami'o'i suke yajin aikin nan na wata takwas muna zaune a gida, wani ɗan haya ya tashi ya bar ciki da falo. Ba a yi mako guda ba dillali ya zo mini da wani bawan Allah mai natsuwa da ladabin magana, ya ce matarsa ɗaya da 'ya'ya uku. Muka daidaita a kan Naira 300,000 a shekara. Nan take ya ba da Naira 100,000 kafin alƙalami, saura sai ƙarshen wata, ranar da zai karɓi makulli. Dillali ya zare Naira 10,000 daga ciki a bakin la'adarsa. Na rubuta rasit na layi biyu, cewa na karɓi kuɗi kaza daga wane saboda hayar ɗaki kaza, ban ƙara ko harafi ba. Shi kuma ya miƙo mini takardar shaida daga kamfanin da ya ce yana aiki, da lambar wayar mai gidan da yake haya can wajen Ojoo.

A nan ya kamata mai karatu ya san cewa a da ba da takarda ake sanin mutum a Sabo ba. Tun da aka kafa unguwar a 1916, fataken goro da na shanu wurin mai gida suke sauka, shi ne fatomansu, shi ne kuma mai tsaya musu. Wani masani mai suna Abner Cohen, wanda ya zauna a unguwar a farkon shekarun 1960 ya kuma fitar da littafi a kanta a 1969, ya bayyana yadda ake ba mahauta shanu bashi babu rubutu, sai dai lamunin mai gida. Wato a lokacin shaida mutum ne mai fuska da ƙofar gida, in magana ta tashi an san inda za a same shi. Ni kuwa abin da ke hannuna fallen takarda ne da lamba goma sha ɗaya.

Na buga lambar, wani namiji ya ɗauka, ya yi ta zuba wa mutumin yabo har abin ya so ya yi yawa. Hankalina ya kwanta, na kira mai fenti da kafinta suka gyara ɗakin a kan Naira 35,000 daga cikin kuɗin. A makon ne wata malamar asibiti ta zo da kuɗin shekara cur a jaka, na ba ta haƙuri na ce an riga ta.

Amma ramin ƙarya ƙurarre ne. Wata rana bayan la'asar muna hira a ƙofar masallaci na ambaci gidan na Ojoo, sai wani mai sayar da kayan miya a can ya ce ai gidan wata tsohuwa ne, mijinta ya daɗe da rasuwa. Gani ya kori ji, gari na wayewa na hau acaɓa. Tsohuwar ta ce mini ta san shi sarai, ba ya faɗa ba ya shaye-shaye, amma tana bin sa hayar wata bakwai. Wanda na yi waya da shi ƙanen matarsa ne. Daga nan na zarce kamfanin, mai gadi ya shaida mini cewa yana cikin waɗanda aka sallama tun bara. Da na sake duba takardar a cikin hasken rana sai na ga inda aka kankare kwanan wata.

Batun hana shi ɗakin bai ɗauke mu dogon lokaci ba. Inna ta ce gidan marayu ne, ba za a yi caca da abincinsu ba, na kira shi na gaya masa. Ya yi shiru, can ya ce, "To Malam, kuɗina fa?"

Wannan tambaya ita ta hana ni barci kwana uku. Yaya ya bugo daga hanya ya ce, "Kada ka ba shi ko kwabo. Tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka." Dillali ma ya ce al'adar haya ke nan, kafin alƙalami ba ya komawa, ko da yake na lura la'adarsa yake karewa. Ni kaina zuciyata ta karkata can, kuma in zan faɗi gaskiya ba tausayin marayu ne kaɗai ya karkatar da ita ba. Haushi nake ji an mayar da ni yaro, ni da ake kira ɗan boko, an sa na yi ta godiya ga ƙanen matar mutum a waya. Ga kuma lissafi a gabana, abin da ya rage a hannuna Naira 55,000 ne kacal.

Daren na uku na tafi wurin malaminmu na zaure na kwashe labari na gaya masa. Ya ce wannan shi ne abin da malaman fiƙihu suke kira urbun, kuma da babinsa Imamu Malik ya buɗe littafin ciniki a cikin Muwaɗɗa, inda ya hana a ƙulla ciniki ko haya bisa sharaɗin in mai saye ya fasa abin da ya bayar ya zama na mai kaya. Ya ce Imamu Ahmad ɗan Hambali ya halatta, haka ma majalisar fiƙihu ta ƙasashen Musulmi a zamanta na Burunai a 1993, muddin an yanke wa'adi. Da na ji haka sai na gyara zama, na ce, "Allah ya gafarta Malam, ashe ke nan akwai mafita."

Ya yi murmushi ya ce, "Wa ya fasa, kai ko shi?" Na ce ni ne, amma ƙaryarsa ce ta jawo. Ya ce, "Ƙaryarsa ta ba ka ikon hana shi ɗakinka, kuma ka hana. A rasit ɗinka ka rubuta cewa in shaidarsa ta zama ta bogi kuɗinsa ya tafi?" Na ce a'a. Na kawo maganar fenti, ya tambaye ni a bangon wa fentin yake. Na kawo maganar malamar asibiti, ya ce wannan kam hasara ce, in ina da hujja in nemi sulhu da mutumin ko in kai ƙara, amma ba ya halatta in zama ni ne mai ƙara, ni ne alƙali, alhali kuɗin yana aljihuna. Wannan magana ta ƙarshe ta fi kowace shiga jikina, domin na san da kuɗin yana hannunsa ne ba zan taɓa zuwa kotu neman sa ba.

Haɗa Naira 45,000 ɗin ya zama aiki. Bayan doguwar jayayya dillali ya dawo da rabin abin da ya ɗauka, Inna ta ba da kwasar adashinta, na cika da abin da nake tarawa na komawa makaranta. Ranar Juma'a bayan an sauko mutumin ya zo, muka zauna a zaure, ya ƙirga kuɗinsa sau biyu. Ban yi niyyar yi masa wa'azi ba, amma bakina ya suɓuce na tambaye shi me ya sa bai faɗi gaskiya ba tun farko. Ya ɗago kai ya ce, "Malam, da na ce maka ba ni da aiki, ana kuma bi na hayar wata bakwai, za ka ba ni?" Na ce ba zan bayar ba. Ya ce, "To ka gani." Daga nan ya roƙi in mayar masa da takardar kamfanin. Na ɗan yi jim, domin na san akwai wani mai gidan da za a miƙa wa ita, sa'an nan na yage ta biyu na ba shi. Ya karɓa bai ce komai ba, ya sa takalminsa ya fita.

Ɗakin bai sami mai shiga ba sai cikin Oktoba, ana gab da janye yajin aiki. A rasit ɗin sabon ɗan hayar na rubuta layi bakwai, na karanta masa su a gaban shaidu biyu, kuma sai da na taka da ƙafata na gaisa da tsohon mai gidansa kafin na karɓi sisinsa. Yaya kuwa har yau in ya sauka daga mota aka zo lissafin gida, sai ya tambayi inda hayar wata biyu da rabi ta shekarar nan ta shiga.